Kai Da Ɗanka Na Fari

Ya ɗan'uwa mai bin Yesu, ko kuwa kai da ka ke tambaya a kan hanyarsa, ba ka shiga ba tukuna, wannan 'yar takarda dominka aka rubuta ta, idan matarka tana da cikin fari, ko kuwa ta riga ta sauka, abokai suna ta yi maka ba'a suna ce da kai angon ƙarni. Tun kana yaro aka koya maka riƙon fartanya, da ɗaurin dami, da cinikin kasuwa, da gaisuwar surukai. Riƙon jariri kuwa ba wanda ya koya maka, gama a Kahu da Tarai da Durba, da sauran ƙauyukan ƙasar Kibiya da Rano, an ɗauka wannan sha'anin mata ne, namiji nasa ya kawo itace da rago ya koma ƙofar gida ya zauna.

A cikin Littafin Mahukunta, sura 13, akwai labarin wani mutum, sunansa Manowa, uban Samson. Sa'anda matarsa ta gaya masa mala'ika ya yi mata albishir da ɗa, sai ya roƙi Allah ya sake aiko manzon, domin ya koya musu yadda za su yi da yaron. Ka lura, bai roƙa a koya wa matarsa ita kaɗai ba, ya sa kansa a cikin roƙon. Allah kuwa ya ji shi. Wannan roƙo naka ne kai ma.

Mun san al'adar ƙasarmu a kan ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. In an tambaye shi lafiyar yaron sai ya kau da kai kamar bai ji ba. In an yaye shi, kaka ce ta kan ɗauke shi. Ba mu ce wannan kunya mugun abu ce gaba ɗaya ba. A cikinta akwai ladabi, watau saurayi ba ya so ya ɗaga kai a gaban ubansa ya nuna shi ma ya zama uba. Ba mu kuwa ce ka tsaya a tsakiyar kasuwa kana yi wa ɗanka kirari ba. Ka kira shi da laƙabi in ka ga dama, Allah ya san sunansa. Amma kunya iri biyu ce, akwai ta baki, akwai ta ƙafa. Ta baki ba ta taɓa kashe kowa ba. Ta ƙafa kuwa, wadda ta kan hana mutum shiga ɗaki ya duba yaron da ya kwana da zazzaɓi, ta hana shi zuwa gidan surukai ya ce a tafi asibiti, ita ce ta cika bayan gari da ƙananan kaburbura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka dubi Yusufu, mijin Maryamu. Ka bincika Linjila huɗu, ba za ka sami maganar bakinsa ko ɗaya da aka rubuta ba. Mutum ne mai kawaici, irin namu. Amma shi ne ya tafi da matarsa Baitalami tana da tsohon ciki, shi ne aka umurta ya raɗa wa yaron suna, shi ne ya kai su Haikali. Sa'anda Hiridus ya nemi ran yaron, Yusufu bai jira gari ya waye ba, da dare ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa ya nufi Masar. Yaron nan ba daga jikinsa ya fito ba, amana ce aka ba shi. Naka ma amana ne, a hannunka kuma za a tambaye shi.

Aikinka yana farawa tun kafin haihuwa. Ka bar matarka ta riƙa zuwa awon ciki. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kamar yadda a kan yi a haihuwar fari, to, ka raka ta da magana bayyananniya. Mata da yawa sun daɗe a kan gwiwa, jini yana zuba, tsofaffi suna kallo, domin ba wanda ya iya cewa a fita da ita sai an ji daga bakin mijin, mijin kuwa yana gona ko yana birni. Kai ka ba da izininka tun yau, a gaban surukanka, cewa ko kana nan ko ba ka nan, in naƙuda ta tashi a kai ta inda ungozomar asibiti ta ke, in abu ya yi tsanani a wuce Babban Asibitin Rano. Ka keɓe kuɗi daga abin da ka sayar da kaka, kada ka taɓa su. Ka yi magana da mai mota ko mai babur, ka karɓi lambar wayarsa, domin naƙuda ba ta san tsakar dare ba.

Yanzu fa ga yaro ya faɗo. Kwana bakwai na fari su ne mafi hatsari a dukan shekarar, su ne kuma kwanakin da al'ada ta fi tura uba waje. Saboda haka za mu daɗe a nan.

Nonon da ya fara fitowa, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, watau dakashi, mutane su kan ce mugu ne, a matse a zubar, a ba jariri ruwa ko madarar akuya ko zuma har farin nono ya zo. Waɗansu ma su kan gwada shi da tururuwa. Ɗan'uwa, wanda ya gina yaron cikin duhun ciki wata tara, shi ne ya shirya masa wannan abinci, bai kuwa yi kuskure ba. Dakashi kaɗan ne, amma cike ya ke da abin da ke tsare hanjin jariri da jininsa daga cuta. A sa shi a nono tun cikin sa'ar fari, jikinsa a jikin uwarsa. Tsotson nan ya kan taimaki mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Zuma kuwa kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara, gama ta kan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙi da ita.

Cibiya ƙofa ce a buɗe. Toka, da kashin shanu, da tsumma mai dauɗa da a kan gasa ta da shi, ta nan su kan shigar da ciwon nan da ke sandare jikin jariri ya sarƙe masa muƙamuƙi har ya kasa tsotso, wanda likitoci ke kira tetanus. A asibiti akwai man cibiya, ba shi da tsada. Shi kaɗai za a shafa, da hannu wankakke, cibiya za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya ko biyu.

Sai wanzami. Za ya zo da zabirarsa domin ya yi aski, ya cire belu, watau hakin wuya, in 'ya mace ce kuma ya ce za ya cire angurya. Wanzami maƙwabcinka ne, wataƙila shi ya yi maka kaciya, ka girmama shi, ka ba shi goronsa da rabonsa na nama. Amma belu halittar Allah ce, kowane ɗan Adam da ita aka haife shi, a ƙasashe da yawa kuma ba a san cire ta ba, yaransu suna tsotso suna girma. Jinin da ke jikin jariri duka bai fi cikin ƙaramar kwalba ba, kaɗan ya zuba ya galabaita, wuƙar da ta shiga bakin yara goma kuwa tana iya ɗauko ciwon ɗaya ta kai wa tara. Haka kuma jikin 'yarka, ba abin da aka ƙara mata bisa kuskure da za a yanke.

Za ka ce, yaya zan yi gardama da surukata, ni da ko ido ba na haɗawa da ita? Ba gardama za ka yi ba. Ka durƙusa yadda ka saba, ka ce, "Inna, ku kuka haife mu, ku kuka san wahalar goyo. Ina roƙon alfarma ɗaya, a bar mini bakin yaron nan da cibiyarsa yadda ma'aikatan asibiti suka ce. In wani abu ya faru, a wuyana ya ke." In bakinka ya yi nauyi, ka tafi da dattijon ikilisiya, ko wata dattijuwa daga zumuntar mata, ta faɗa a madadinka kana zaune. Tsofaffin nan ba ƙin jikansu su ke yi ba. Sun binne 'ya'ya, tsoro ne ke sa su riƙe abin da suka gada, kuma su kan saki in sun ga uban yaron ya ɗauki nauyin a kansa.

Ka riƙa shiga kana duban jaririn da idonka safe da yamma. In ya ƙi tsotso, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari yana lotsawa, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannunsa ya yi ruwan ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari, to, ba a jiran suna, ba a jiran gobe. Allurar fari ma a makon nan a ke yi, ta tarin fuka da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna.

Ranar suna ranar murna ce, ka yi murna. Ka kira fasto ya yi addu'a, ka kira maƙwabta, Kirista da Musulmi da masu bin al'adar kakanni, kowa ya ci. Amma ka karanta Luka sura 2. Sa'anda Yusufu da Maryamu suka kai Yesu Urushalima bayan kwana arba'in, tsuntsaye biyu suka miƙa, watau hadayar da Attaura ta yardar wa wanda ƙarfinsa bai kai ɗan rago ba. Uban goyon Mai Ceton duniya bai ci bashi domin ya rufe bakin mutane ba. Mun ga waɗanda suka jinginar da gona saboda rago da kiɗa da tulunan giya, bayan wata uku yaro ya kwanta, kuɗin mota zuwa Rano ya gagara. In mace aka haifa maka kuma, kada fuskarka ta canza. Matarka tana kallon fuskar nan, ba kuwa za ta manta ba.

Wankan jego hutu ne da kakanni suka shirya wa mace, kwana arba'in ba daka, ba rijiya, ana ba ta kauri da kunu. Wannan tausayi ne, ka riƙe shi, ka kawo itace da nama gwargwadon ƙarfinka. Sai dai akwai wuce gona da iri. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da a ke kawo musu da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, zuciyarsu ta gaza. Da suka bincika, suka ga abin yana tafiya tare da yawan shan kunun kanwa, da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, ta kan tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ciki kuwa ba ta iya ɗaukar kayan. A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannunka za ya iya jurewa, a rage kanwa ƙwarai. In ka ga ƙafarta ta kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ko jini ya ƙi tsayawa, ka ɗauke ta. Manzo Bulus ya gargaɗi mazan Afisa su ƙaunaci matansu kamar jikunansu. Wa za ya ga ƙafarsa ta kumbura ya ce kunya ta hana shi magana?

Bayan arba'in sai kwanakin allura, a mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan a wata 9 ta ƙyanda da shawara da sanƙarau. A kan ba da kati. Mata ne su kan tafi, amma kuɗin babur da izini daga wurinka su ke fitowa, in kuwa yaro ya kwana yana kuka da ɗan zazzaɓi bayan allura, maza ne su kan yi fushi su ce ba za a koma ba. Zazzaɓin nan na kwana ɗaya ko biyu ne, alama ce jiki yana koyon yaƙi. Ƙasarmu ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano saboda jita-jita, aka koma a 2004, amma kafin nan ciwon ya bazu, daga baya har ya kai Yaman da Indunusiya. Da aka dage da ɗigon gida gida, yaro na ƙarshe da asalin shan inna ya kama a Jihar Kano, a Sumaila ne nan kusa da mu, a watan Yuli 2014, a 2020 kuma aka shaida dukan Afirka ta rabu da shi, ko da ya ke wani nau'insa yana yawo inda aka bar yara ba ɗigo. Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya tashi, ya fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ya kama kuwa ba su cika allurarsu ba, ga shi maganinsa yana cikin allurar mako 6 da 10 da 14 ɗin nan. Wani za ya ce maka mai bangaskiya ba ya bukatar allura. Ka tuna masa da Luka, wanda ya rubuta Linjila ta uku, likita ne, Bulus kuma bai ce ya bar aikinsa ba.

Shekara tana juyawa, kowane lokaci da nasa gwaji. Da hunturu a kan rufe ɗaki a hura wuta, hayaƙi kuwa mugun abokin ƙirjin jariri ne, gara a ƙara masa tufa da hula. Da bazara, sa'anda duwatsun Rano ke fitar da zafi kamar tanderu, kowa za ya ce a ba shi ruwa kada ƙishi ya kashe shi. Nono kusan kashi 9 cikin 10 ruwa ne. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a kan nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta ci ta ƙoshi, wannan kuwa aikin rumbunka ne. Da damina sauro ya kan yi yawa, hatsi ya ragu, kai kuma kana gona tun asuba. Gidan sauron da aka raba, a kan gadon uwa da ɗa ya kamata a gan shi, ba a kan kejin kaji ba. Masu raba maganin zazzaɓin damina su kan zo wata wata domin yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Su ne ke ba da na ranar fari, na kwana biyun da suka rage a gida a ke bayarwa, ka tambaya da yamma ko an ba shi.

In za ka tafi cin rani, Kano ko Legas ko noman rani a Kadawa, ka bar hatsi, ka bar kuɗin asibiti a hannun matarka, kada ka bar shi a hannun wanda sai ta roƙa.

Wajen wata 6 za ya zauna, nauyinsa ya ninka na ranar haihuwa, haƙori ya fara tsagowa. A nan a kan fara kunu tare da nono. Kunun gero tsinkakke cika ciki ya ke yi kawai, a sa masa gyaɗa ko waken soya, da ɗan ƙwai, da garin zogale. A nan kuma a kan yi babbar yaudara, kowane zawo da kowane zazzaɓi sai a ce haƙori ne. Haƙori ya kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi. Zawo kuwa daga hannun da ke rarrafe a ƙasa ya ke zuwa, da ƙoƙon da ƙuda ya sauka a kai. In maɗiga ta lotsa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, shafa mata magani ba za ya ɗaga ta ba. A dama garin gishiri da sukari na asibiti bisa ga awon da aka rubuta, a ba shi kaɗan kaɗan, da ƙwayar zinc kwana 10, kada a daina nono, in ya kasa sha a tafi.

Akwai dare da yawa a cikin shekarar nan. Yaro yana kuka, matarka ta yi kwana uku ba barci, kai ma ka gaji. Mai fushi ya kan daka mata tsawa ta fita da shi, ko ya tashi ya koma wurin masu giya. Kai ka miƙa hannu ka karɓe shi, ka sa shi a kafaɗa, ka zaga tsakar gida. Ba mai ganinka a wannan sa'a sai Allah, kunyar wa za ka ji? Kada ka girgiza shi da ƙarfi komai fushinka, gama ƙwaƙwalwar jariri ba ta jure wannan. In zuciyarka ta tafasa, ka kwantar da shi a hankali ka fita ka sha iska. Almajiran Yesu sun taɓa korar masu kawo masa yara, suna tsammani ya fi ƙarfin wannan. Ransa ya ɓaci da su, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. Ka sa hannu a kan ɗanka ka yi masa addu'a da ƙarfi, uwarsa tana ji. Bai san ma'anar maganar ba tukuna, amma ya san muryar.

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi. Wani uba za ya yi dukan waɗannan, yaron kuma ya tafi. In haka ta same ka, kada ka ɗora wa matarka, kada ka yarda a kai ka wurin mai duba ya nuna maka wata tsohuwa ya ce ita ce mayya. Tsofaffi da yawa an wulakanta su a kan abin da sauro ya yi. Dawuda ya yi azumi da kuka muddar ɗansa yana da rai, da ya rasu kuwa ya tashi ya yi wanka ya yi sujada, ya ta'azantar da uwar yaron, yana sa zuciya za ya tarar da shi wata rana. Ka yi kuka, namiji ma yana kuka, ka zauna kusa da ita.

Amma yawancinku za ku ga ƙarshen shekara da farin ciki. Za ya kama bango ya miƙe, nauyinsa ya kusa ninka na haihuwa sau uku, mata suna tafa masa suna cewa tatata. Annabi Yusha'u, a sura 11, ya kwatanta Allah da uba mai koya wa ɗansa tafiya, yana riƙe da hannuwansa, yana sunkuyawa ya ba shi abinci. Ka durƙusa kai ma a tsakar gida ka buɗe masa hannu. Kada a yi gaggawar yaye shi, nono har shekara 2 ya fi masa, uwarsa kuma tana bukatar hutu kamar haka kafin wani ciki. Ku yi shawarar wannan ku biyu, ku tambayi ma'aikaciyar asibiti tare. Ka karɓo masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, za a nema ranar shiga makaranta. Katin allura kuwa ka sa shi cikin Littafinka inda gara da ruwan sama ba za su taɓa shi ba, gama da sauran allura ɗaya ta ƙyanda a wata 15.